Ajin da Aka Ƙirga Ƙuri'a

Ranar Asabar aka fitar da bencinanmu waje,
aka ɗora akwati biyu a kan teburina,
ɗaya na shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya na kansila.
Ko allo ba a goge ba:
bakwai sau takwas na nan yana jiran amsa tun Alhamis.

Duk Unguwar Shanu ta zo ajina.
Jatau mai faci, da baƙin mai a farcensa,
Lantana, ta bar wa 'yarta kaskon ƙosai,
Yohanna direban tanka, rabonsa da barci tun Tafa.
Kowa ya lalubo sunansa a jikin bango,
ya dangwala, ya naɗe, ya jefa,
ya fita yana hura babban yatsa kamar ya taɓa garwashi.

Ni kuwa sama nake kallo.
Kwano uku iska ta yaye tun daminar bara waccan.
In hadari ya taso ta wajen Kawo
sai mu matsa kusurwa, mu yi karatu a tsaye.

Bayan la'asar aka zazzage akwati.
Ɗaya! Biyu! Uku! Jama'a na amsawa
sai ka ce 'yan aji biyu.
Barau na bakin taga, leɓensa na motsi.
Barau ɗan Magajiya, mai zama can baya,
wanda na koya wa ƙirge da marafan kwalba,
in ya kai sha tara sai ya tsallaka talatin.
Yau ko ɗaya bai tsallake ba.
Da mazaɓa ta haɗa lissafinta, aka ce shi ne.

Wata huɗu na ɗaga masa ƙafa,
sannan na hau a-daidaita zuwa Magajin Gari.
Na tarar da su a zaune, fanka na kuka,
takardar kasafi na yawo hannu zuwa hannu.
Wannan ya ce kwalbatin layinsu ya toshe,
wancan ya ce asibitin sha-ka-tafi ko auduga babu,
wata ta kawo kukan 'yan kasuwa kan kuɗin rumfa,
wani katangar maƙabarta da awaki suka mayar hanya,
wani motar shara da ta kwana arba'in a gareji.
Malmala ɗaya, hannu goma sha biyu.
Aka ce abin da ya gangaro daga sama
albashi ya riga ya lashe gindinsa.

Barau ya miƙe, muryarsa na rawa
kamar ranar da na sa shi karanta haruffa.
Ya ce, "Akwai wani aji da ruwa ke halarta
fiye da rabin ɗalibansa."
Aka yi dariya. Aka ce a ɗaga hannu.
Na ƙirga a zuci, na sake ƙirgawa:
bakwai.

Kwano biyu suka zo, ba uku ba.
Kafinta ya buga, ya karɓi sa hannu, ya tafi.
Ramin da ya rage na kafa masa bokiti.

Jiya Barau ya leƙo, ya cire takalmi a bakin ƙofa.
"Malama, saura ɗaya, sai kasafin baɗi."
Na ce na ji, na rubuta a rajista,
makinka biyu bisa uku.

Tawadar ta daɗe da barin yatsana,
amma yatsan yana nan.
Ɗis, ɗis, bokiti na ta ƙirge,
yara na taya shi.