Safa Ɗaya

Eduvina, ruwa bai ɗauke ba tun ranar Talata.
Tsibirin Chiloé ya jiƙe sharkaf,
ni kuma na manta da itace a waje,
abin da ba ki taɓa bari ya faru ba
cikin shekara hamsin da uku.

Na tarar da kwandon saƙarki a bayan murhu.
Safa ɗaya kin gama,
ta biyun ta tsaya a dunduniya,
allurai huɗu a soke cikin ulu
kamar kin fita duba kaji ne, yanzu za ki dawo.
Ta yi wa Ramiro kaɗan, ta yi wa jikoki yawa.
Da dare ya raba na gwada, ba mai ganina.
Ashe tawa ce.

Kin tuna ranar gayya,
shekarar da teku ta fara lasar ginshiƙan gidanmu?
Maƙwabta suka zo da shanu goma sha biyu,
suka ɗora gidan kan gungume, suka ja shi tudu.
Kowa ya fito, har kyanwa,
ke kika ce ba inda za ki.
Gida na tafiya, kina ciki da tsohon cikin Nelda,
hannu ɗaya riƙe da buta,
kin leƙo ta taga kina zazzaga wa ƙarti faɗa
kada su taka miki tafarnuwa.

Ba zan shafa miki mai ba don kin kwanta dama.
Bakinki ya fi barkono.
Ranar da kwale-kwalena ya kife,
na kwana biyu a wata gaɓa, gari ya fitar da rai,
da na shigo ina ɗiga, ba ki ko tashi ba.
Kika ce, "Baldovino, miya ta huce."
Sai da na zauna na ga cokalin
yana rawa a hannunki.

Biyar kika haifa, huɗu suka taka ƙasa.
Abelardo wata bakwai ya yi mana.
Ba ki ƙara kiran sunansa ba,
amma itacen tuffan da kika dasa a makon
ba wanda ya isa ya karya masa reshe.

Dankalinki iri goma sha ɗaya,
baƙi, ja, mai zane, mai kama da yatsa,
kowanne kin san halinsa.
"Wannan sai an lallaɓa shi," kikan ce wa yara,
"kamar kakanku."

Jiya Ximena ta bugo waya daga birni
tana tambayar awon wainar dankalinki.
Na duba gwangwanaye, na duba bayan kalanda,
ba ki rubuta komai ba.
Iyakar abin da na tuna: gari ake zubawa
har sai hannu ya ce ya isa.
Ta yi shiru. Can ta ce,
"Kaka, hannun wa?"

Fermín kuwa damuwarsa ɗaya:
ko ana ruwa inda kike,
don ya ga mayafinki rataye a ƙusa.

A ɗakin ibadar katako an ce kin yi haƙuri,
an ce kin yi alheri, duk gaskiya ne.
Ba wanda ya ce kina maguɗi a karta,
ko kina tsoron teku kamar mutuwarki
alhali kullum ke ce ta farko a bakin ruwa
idan jirage sun makara.

Nelda ta ce za ta ƙarasa safar.
Ta iya, ke kika koya mata.
Na ce ta bari tukuna.

Yanzu haka nake kwana, haka nake tashi,
in hura wuta da ɗanyen itace, hayaƙi ya cika ido,
in sami abin da zan ɗora wa laifi.
Ƙafa ɗaya da ɗumi, Eduvina.
Ɗayar tana jira.