Sabuntawa

A Kanya Babba sabis ba ya shiga ɗaki,
sai ka hau surin bayan rumbun Barmo
ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa.
Nan na tsaya daren Laraba,
waya ta ce tana son sabuntawa.

Ni ba a yi min tayi sau biyu.
Ni na fara kawo fawa-banki garin nan.
Na sayar da riɗi mudu biyu, na zuba data.

Ta ce wuri ya cika, a rage kaya.
Na share hotuna, na share wasan ƙwallo,
ina ta danne-danne ban duba ba,
sauro na cin ƙafata.

Da asuba ta farka da sabuwar fuska,
batir ma ya koyi haƙuri.
Na nemi muryar Inna Hassu, Allah ya jiƙanta,
daƙiƙa arba'in tana faɗa a kan akuya,
tana tari, tana kirana da sunan yarinta.
Babu.

Ran kasuwa na kai wa Sa'adu a Babura.
Ya juya ta, ya shafa gilashin, ya miƙo min:
"Ai wannan lafiyarta ƙalau."