Waliya, Tsakanin Ruwa Biyu

Baƙo, sauka a nan ka sallami mai babur.
Dala ɗari ce, kar ya ce maka jaka guda.
Gadar da ka hayo ta Shagwa ce,
abin da ka baro a baya shi ne Injamena,
nan kuwa Waliya,
inda birni ya gaji da matsi, ya zo ya miƙe ƙafa.

Shari ta wannan gefe, Logon ta wancan,
mu muna tsaka, zaman harshe cikin haƙora.
Da rani sukan kwanta lamo,
su bar mana laka da yashi kyauta.
In damina ta tsufa sai su tuna
filin nan nasu ne, haya muke.

Ka ce tarihi kake nema?
Ba mu gina masa ɗaki ba.
Zo ka ga bangon Baba Mantau tela.
Wannan layin, daidai gwiwa,
shekarar da aka haifi Kande ke nan.
Na samansa, daidai ƙugu,
shekarar da ya sayi keken ɗinki
ya kuma ɗauko shi a ka har bakin kwalta.
Wancan da ya haura taga
ba ya son a tayar da zancensa.
Wata biyu muka yi a tanti a Tukura,
muka dawo muka tarar da tarwaɗa
tana zagaya murhun matata.

Kakana daga Haɗeja ya taso,
da sanda da gora da niyyar Makka a ƙafa.
Ya ce a nan giginya ya tarar,
da burtali, da bukkokin masunta da ba su cika goma ba.
Ya tsaya ya ɗan haɗa guzuri.
Guzurin bai cika ba har ya kwanta dama,
mu ne canjin da ya rage.

Hayaƙin can ba gobara ba ce, ramina ne.
Jan bulo nake toyawa.
In ka koma birni, ƙwanƙwasa bangon masaukinka,
wataƙila ƙasarmu ce ke tsaye a can da fenti,
alhali gidana har yau na laka ne.

Mu bi ta kasuwa.
Ga Madam Denemaji da salangarta a tabarma,
Larabci za ta yi maka ciniki,
ta zagi ɗanta da Ngambai,
ta yi mini ba'a da Hausar da ta koya a bakina.
Cocinsu ga shi can, rufin kwano shuɗi,
masallacinmu na bayan darbejiya.
Ranar ruwa, kwale-kwale ɗaya ya kwashe
tabarminmu da bencinansu,
Abakaka ne ya tuƙa, bai karɓi ko dala ba.

Ci gaba kaɗan, sai Ngeli.
Gadar can, ƙafa ɗaya a Chadi, ɗaya a Kamaru.
Hasken da ke ƙetare Kusiri ce.
Dubi matan nan da sabulu da sukari a goye,
sun san kowane ɗan duwan da sunansa,
da wanda ke gyangyaɗi bayan azahar.

In rana ta yi ja, tsaya a gaɓa ka yi shiru.
Baƙin abin da ke huci a tsakiyar ruwa
ba dutse ba ne, dorina ce.
Kar ka matsa don hoto.

To, zauna, shayi ya nuna.
Kofi uku muke sha a nan, ba a tashi a na biyu.
In za ka dawo, bari sai ruwa ya janye,
ka zo da takalmin da ba ka tausayi.
Mantau zai nuna maka bangon,
ka duba da kanka ko an ƙara layi.