Bakkale a Ka'oje

Saniya ta uku ke nan bana
da ta zubar da ɗa babu gashi.
Na haƙa rami bayan garke
tun kare bai shinshino shi ba.

Jaɓɓi ya ce iska ce.
Malamin dabbobi ya zo daga Bagudo,
ya latsa gwiwar da ta kumbura kamar gora,
ya ɗebi jini,
har tumaki bai ƙyale ba.

"Bijimin nan fa, daga ina?"
Na aro ne. Na yi shiru.

Yanzu Tumba na tafasa madara
tana mitar itace.
Ni kuwa zazzaɓin dare ya ƙi sakina.
Hannun da ya ciro mabiyiya tsirara,
shi nake ta kallo.