Talatin da Uku

A asibitin Tawa, ɗakin ƙarshe,
likita Barira ta ɗaga baƙin hoto ga taga,
rana ta ratsa bayan babana ta fito.
Ban taɓa ganin Assumana haka ba,
babu riga, babu fata, babu faɗa.

Ta sa bakin alƙalami tana ƙirga:
bakwai a wuya, su ke juya kai,
goma sha biyu, kowane da haƙarƙarinsa,
biyar a kwankwaso, manya kamar ƙaramin turmi,
sauran sun manne a ƙasa tun yana saurayi
har zuwa ɗan guntun wutsiyar da muke zama a kai.
Talatin da uku, in ji ta.
Baba ya dubi carbin hannunsa, ya yi murmushi.

Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai gammo,
Mai Sama ya naɗa shi tun muna ciki.
Ta tsakiya laka ta bi, siririya,
ita ke kai saƙo daga kai zuwa ɗan yatsan ƙafa.
Ga nan, ta ce, na huɗu da na biyar,
gammon ya lotse, ya fito gefe,
ya danne jijiya kamar taya a kan igiya.
Shi ya sa wuta ke sauka cinyar hagu.

Na san ranar da ya lotse? Ban sani ba.
Shekara arba'in ne, buhu bisa buhu,
albasar Galmi zuwa motocin Abijan,
dala-dala har ta zama kuɗin makarantata.
Gammon kai in ya mutu a naɗa wani.
Wannan fa?

Baba bai tambayi magani ba.
Ya ce, ƴata, zan iya ruku'u?
Ta ce, a zaune, Baba, na ɗan lokaci,
kuma buhu kun yi sallama.
Ya yi shiru har muka wuce kasuwa.

Da dare ya kwanta rub da ciki a tabarma,
na ɗumama man kaɗanya a tafi.
Daga ƙeya na fara, inda nake hawa ina yaro,
babban yatsana na bin su ɗaya-ɗaya,
ina ja kamar mai lazimi.
A na ashirin da uku ya ce wash.
Na tsaya nan, ban ɗaga hannu ba,
har numfashinsa ya daidaita.