Siris Daga Saman Tirela

Kwana uku a Mil Sha Biyu, ba a sauke mini albasa ba.
Ruwan Legas ya tsaya, kwata ta cika ta tumbatsa,
ina kwance a kan tamfol, ƙafa ɗaya ta kumbura,
sai ga Hurera daga Akoka, da kular tuwo da littattafanta.

Aka ɗauke wuta.
Ketu ta yi baƙi ƙirin kafin janareto su fara tari.
Ta hau motar kamar ɗan kamasho, ta nuna sama:
Baba, can wajen, ba za ka gan shi ba, amma yana nan.

Na ce wa?
Ta ce Siris. Dutse ne mai yawo
tsakanin Mirrihu da Mushtari,
inda duwatsu suke jere kamar motoci a layin Apapa,
sai dai su ba sa tsayawa,
kuma tsakaninsu fili ne, babu mai goge wa wani madubi.
Shi ne babbansu. In an ɗora su duka a sikeli,
kashi ɗaya cikin uku nasa ne.

Na ce girmansa fa?
Ta ce in ka huda shi ka fita ta baya,
kusan daga nan zuwa Kano.
Wannan ba sai an gwada mini ba.
Bayana ya san tsawonta,
Jebba, Mokwa, Tegina, rami bayan rami.

Shekara huɗu da wata bakwai yake zaga rana sau ɗaya.
Na ƙirga a yatsu: tun tana ajin farko ke nan,
lokacin da na sayar da gonar Bichi na biya kuɗinta.
Yininsa da darensa awa tara ne kacal.
Na ce to, masu sallah a can ba su da hutu.
Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Baƙi ne, in ji ta, kamar sabuwar kwalta,
duk jikinsa tabon jifa.
Amma a cikin wani rami akwai fari yana ƙyalli,
gishiri ne, ɗan'uwan kanwa,
ruwa ya kawo shi daga ƙasa, ya tafi ya bar shi.
Ƙanƙara tana ƙarƙashin ɓawon.
Ga tsauni guda ɗaya tsaye shi kaɗai, ba maƙwabci.

Kanwa!
Shekara goma na yi ina ɗaukarta daga Gashuwa,
ashe har a can ta riga ni.

Ta ce buhun nan da ya karya ƙugun Ɗanjummai,
a can da yatsa biyu za ka ɗaga shi.
Na yi shiru. Na tuna Ɗanjummai.

An so ya zama duniya, ta ce,
Mushtari ya yi ta jan kayan gininsa, ya tsaya a haka.
Ban tambaye ta ko yana jin haushi ba.
Ya dunƙule dai, ya kama hanyarsa,
ba wata a bayansa, ba yaron mota.

Wuta ta dawo, sama ta koma ja.
Ta sauka ta tari danfo kafin goma.
Tuwon ya huce.
Na ci, ina duban inda ta nuna,
wajen eriyar wani banki.