Mu Uku da Hadarin Badagiri

Likita ya ce in rage gishiri,
sai ga ni a bakin teku
inda iskar ma gishiri ce.

Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga buhuna a tashar Apapa,
jirgi ya zo, jirgi ya tafi,
ban taɓa tsayawa na dubi ruwan da ke ɗauke da su ba.
Da na ajiye aiki, yara suka sayo mini kujera
mai laushi, mai hannu, ta fuskanci talabijin.
Suka ce, Baba, huta.
Wata bakwai ina hutawa
har gwiwata ta manta aikinta.

Jatau ne ya zo ya tashe ni,
Jatau mai saba'in da huɗu, mai haƙori tara,
da tamfol ɗin tsohuwar tirelarsa a kafaɗa.
Muka biya Mushin muka ɗauki Baba Lasisi
da butarsa da garin rogonsa.
Mota ta jijjiga mu har Badagiri,
kwalekwale ya haye da mu,
daga nan sai sayyada.

Rairayi ba ya yi wa tsoho kara.
Ka taka ɗaya, ya ƙwace rabi.
Kwakwa a dama, teku a hagu yana huci,
sandata tana nutsewa, ina zaro ta,
numfashi yana fita kamar zugazugin maƙeri.
Muka yi la'asar a kan yashi,
goshi ya tashi da tsakuwa.
Muka kafa turaku shida, muka ɗaure.

Hadarin Ikko ba ya sallama.
Bayan isha'i taurari suka ɗauke gaba ɗaya,
iska ta fara da turken gabas,
ta tumɓuke shi kamar albasa.
Tamfol ya tashi zai koma hanyar Kano ba direba.
Na kama igiya, Jatau ya rungume sanda,
Lasisi ya kwanta a kan gefe da dukan nauyinsa
yana salati, rabi Larabci rabi Yarabanci.
Shekara ɗari biyu da sha huɗu, in an haɗa mu,
muna kokawa da mayafin mota.

Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro.
Kwakwa ta faɗo kusa da ƙafata, dim,
na ce, ashe haka za a ba Zulai labari:
ubanki ya bar kujera, ya je neman ajali a yashi.
Ruwa ya bi wuya, ya bi baya,
maganin hawan jini ya narke a aljihu ya zama kunu.
Can walƙiya ta haska fuskar Jatau.
Dariya yake.
Haƙoran nan tara duk a waje.
Ni ma sai ta kuɓuce mini,
irin wadda rabona da ita tun muna 'yan dako.

Asuba ta same mu a jiƙe, muna rawar ɗari.
Ashana goma sha ɗaya kafin ɓawon kwakwa ya kama.
Shayin ya yi ƙaurin hayaƙi,
ban taɓa shan mai daɗinsa ba.
Masunta suna jan koma suna kiran juna,
muka sa hannu a wutsiyar igiya,
ko mun taimaka ko mun zama kaya, oho,
sun dai ba mu kifi huɗu.

Waya ta farfaɗo da rana.
Baba, kana ina? Kira na nawa ke nan!
Na ce, ina nan, ina shanya riga.

Jatau yana ɗinke inda tamfol ya yage,
bai ɗago kai ba ya ce,
akwai wani daji a wajen Epe, wata mai kamawa.
Lasisi ya yi tari, ya ce shi dai a ƙaro turaku.
Na shafa gwiwa. Tana ciwo,
ciwon ƙafar da ta je wani wuri.
Na ce a bar ni in sayi leda tukuna,
ta zuba magani.